Wa ya taɓa hawa ganuwar Zazzau?

Ɗan Kwarbai: Salamu alaikum jama'a. Jiya na bi ta Ƙofar Gayan da ɗana, ya nuna wani tudun jar ƙasa ya ce, "Baba, juji ne wannan?" Abin ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya san ganuwar nan da ƙafarsa, don Allah ya ba mu labari.

Hajiya daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Mu 'yan bayan ganuwa ne, ta Ƙofar Doka muke shiga birni. Kakata takan ce a zamanin iyayensu da magariba ta yi an rufe ƙofa, wanda ya makara sai ya kwana a waje da kayansa. Muna yara mun ɗauka tsoratar da mu take yi.

Magini: Gaskiya ta faɗa, Hajiya. Ni gini ne sana'ata, kuma na taɓa tsayawa inda ruwa ya zaftare gefenta na ƙare mata kallo. Gindi faffaɗa, tana tashi tana tsukewa, shi ya sa nauyinta bai kayar da ita ba. Ƙasar ma ba daga nesa aka ɗauko ba. Nan waje aka haƙa aka kwaɓa, ramin da ya rage ya zama gwalalo, aka bar ƙaya ta cika shi, doki ya iso ya rasa ta inda zai bi. Amma ginin ƙasa sai da yaɓe. Bayan damina akan yi gayya a gyara inda ruwa ya ci. Da aka bar gayyar, ruwa ya samu yadda yake so.

Malamin firamare: Na kai ɗalibaina Ƙofar Kuyambana, duk suka ce Sarauniya Amina ce ta gina. 'Yar Bakwa Turunku ce, a ƙarni na 16, kuma har yau "ganuwar Amina" ake ce wa irin waɗannan ganuwoyi a ƙasar Hausa. Abin da ya ba su mamaki, har gonaki aka kewaye a ciki, don ko an yi wa gari zobe a samu abinci. Turawa sun shigo a 1902, aikin ganuwar na tsaro ya ƙare.

Wani daga Ƙofar Kona: Ku yafe mini. Ɗakin da na yi aure a ciki, jaki uku na ƙasar ganuwa ne a jikinsa. Da dare muka ɗiba ni da yayana. Har yau bangon bai tsage ba.

Magini: Ai ba zai tsage ba, ɗan'uwa. Ƙasar ta sha kwaɓi tun kafin a haifi kakanka.