Injin busar da kayana yana aiki da hantsi, da daddare sai ya tsaya ba zafi

MamanTagwaye, Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin lantarki, kafin in zuba kuɗi inda ba za su fito ba.

Ina da injin busar da kaya, na hannu ne, ɗan Beljiyam, ƙanin maigidana ya sayo mana daga Legas bayan na haifi tagwaye. Kafin wani ya ce me zan yi da shi a Gombe: a bene muke haya, barandarmu igiya ɗaya take ɗauka, kuma duk wadda ta yi renon jarirai biyu a watan Agusta ta san zannuwa da kayan fitsari ba sa jiran hadari ya washe. Irin mai tara ruwa a durowa ne, ba shi da bututun da ke fita waje. Fulogin mai ƙafa uku ne irin na Ingila, takardar da ke manne a bakin ƙofar ta ce bolt 220 zuwa 240, wat 2500.

Tun bara yake aiki lafiya lau, kwanan nan ne ya ɗauko wani hali. In na kunna shi da hantsi yana busarwa, sai dai yana daɗewa fiye da da, tawul kuwa sai na maimaita masa. In bayan magariba ne, gangar za ta yi ta juyawa, in taɓa ƙofar in ji ɗumi-ɗumi kawai, can sai ya yi ƙara ya tsaya, wasu haruffa su fito a ɗan allonsa. Na duba a waya, wai haruffan na nufin matsalar hita.

Mai gyara na farko ya ɗora hannu a bayan injin ya ce hita lafiyarta ƙalau tunda akwai ɗumi, bod ne, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa injin, ya mutu, sai an aika Kano ko Legas, kuma kuɗin da ya faɗa ya kai rabin kuɗin injin. Na biyu ya ce fis ɗin zafi ne, zai cire shi ya haɗa wayoyin kai tsaye, aikin minti goma. Cikinsu ba wanda ya zo da mitar gwajin lantarki. Ni abin da ya ɗaure min kai, abin da ya mutu yaya zai tashi da safe ya sake mutuwa da dare? Wanne zan bi a cikinsu?

Baffa_Kumo

Wa alaikumus salam. Adda, Allah ya ba mu rana kyauta a garin nan kin je kina biyan kuɗin mita don busar da zani. To, tunda kin riga kin toshe min baki da maganar tagwaye, Allah ya raya su. Ni ba mai gyara ba ne, amma firij ɗina ma gurnani yake daga magariba zuwa goma na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya jona abin da yake da shi. Ki leƙa sitabilaizar firij ɗinki ki ga abin da take nunawa a lokacin.

MaiMita, Jekadafari

Hajiya, tambayarki ta ƙarshe ta fi abin da masu gyaran nan biyu suka faɗa amfani. Kada ki bi ko ɗaya tukuna.

Na biyun shi zan fara korewa. Fis ɗin zafi sau ɗaya yake aiki a rayuwarsa: in zafi ya wuce ƙima ya yanke, ya yanke ke nan, ba ya komawa da kansa. Da shi ne, da safe ma sanyi za ki ji. Kuma ko da shi ɗin ne, ba a cire shi a haɗa waya. Shi ne mai gadi na ƙarshe tsakanin hita mai jan wat dubu biyu da wani abu, da burbushin auduga busasshe da ke taruwa a cikin injin. Wanda ya ce zai haɗa miki kai tsaye, a gidan bene da jarirai, ki ba shi kuɗin mashin ya koma.

Sai maganar bod. Mutane suna ɗauka in allo ya rubuta matsalar hita, to kwamfutar ta leƙa ta ga hitar ce. A yawancin injinan gida ba haka ba ne. Bod ɗin yana da wani ɗan makunni da ake kira rile, da shi yake sakar wa hita wuta. Sannan akwai ɗan ma'aunin zafi, tamista, a hanyar da iska ke bi, wasu injinan guda biyu gare su, ɗaya kusa da hita, ɗaya inda iska ke fita daga ganga. Tamista ƙaramin abu ne wanda turjiyarsa ga wucewar wuta, wadda ake aunawa da om, ke raguwa in zafi ya ƙaru. Da yawa suna nuna wajen om dubu 10 a digiri 25, wasu kamfanonin kuma suna da nasu awon. Bod ya kunna rile, sai ya zauna yana duba ko zafi ya hau kamar yadda aka rubuta masa cikin 'yan mintuna. In bai hau ba, sai ya tsayar da aiki ya rubuta lamba. Kamar mai girkin da ba ta ganin murhu ne, sai dai ta taɓa tukunya: ta san abinci ba ya dahuwa, amma ba ta san ko itace ne ya ƙare, ko ɗanye ne, ko iska ce ke kwashe wutar ba. Akwai injinan da ke auna wutar da ke shiga ma, su sun fi faɗin gaskiya. Na Whirlpool na Amurka suna rubuta L2 in layin da ke ciyar da hita ya yi rauni, LG kuma tana da tE1 da tE2 na tamista, da d80, d90, d95 na toshewar hanyar iska, Samsung na da HC ko HE na zafi. Naki dai abin da ya sani kawai shi ne zafi bai kai ba. Bod ɗin da ya lura da haka har ya tsaya ya sanar da ke, aikinsa yake yi.

To me zai hana zafi kaiwa da daddare kaɗai? Baffa ya taɓo shi. Zafin hita ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ya fi haka faɗuwa, domin bolt sau bolt ake lissafawa sannan a raba da turjiyar wayar. Ɗauki hita mai wat 2300 a bolt 230, turjiyarta om 23 ke nan. In wuta ta sauka zuwa 170, abin da za ta bayar wajen wat 1250 ne kawai. Wuta ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zafi ya ragu da kusan rabi. Mota kuwa, wato abin da ke juya ganga, za ta ci gaba da lallaɓawa, shi ya sa kike ganin kamar komai na aiki.

Amma rashin ƙarfin wuta kaɗai bai ishe ni bayani ba, tunda kin ce da hantsi ma ya fara daɗewa, kuma bara a wannan layin yake. Zargina biyu. Ɗaya, injinan Turai da yawa hitarsu kashi biyu ce a gida ɗaya, don a samu babban zafi da ƙarami. Kashi ɗaya zai iya tsinkewa ɗayan yana aiki, mai ɗora hannu ya ji ɗumi ya rantse hita lafiya. Biyu, toshewa. Irin naki yana da wani akwati mai faranti-faranti a ƙasa ta gaba, bayan wata 'yar ƙofa, inda tururi ke komawa ruwa. In ya cushe da burbushi, ga ƙurar hunturun da ta wuce, iska ba ta zagayawa sosai, gidan hita ya yi zafi fiye da kima, tamostat, wato makunnin da ke aiki da zafi, ya yi ta yanke wuta yana mayarwa, kaya kuma suna nan a jiƙe.

Abin da za ki iya yi da kanki: zare fulogi, fito da akwatin nan ki wanke da ruwa mai ƙarfi har sai kin hango haske ta tsakanin farantan, ki wanke rariyar bakin ƙofa ita ma. Ki rubuta abin da sitabilaiza ke nunawa da hantsi da kuma bayan isha'i. Sauran na mai mita ne, injin a zare daga bango: ya auna kowane kashi na hita dabam, ya auna tsakanin hita da ƙarfen jikin injin, nan bai kamata mita ta nuna komai ba; ya auna tamista a sanyi sannan ya dumtse shi a hannu ya ga lambar tana sauka. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a buɗe bod, kuma ko a can sau da yawa dalmar ƙafar rile ce ta tsage, ko rilen ya ƙone, abin da mai gyaran rediyo zai canza ba tare da an sayi sabon bod ba.

Ummu_Fadaman_Mada, Bauchi

Ina goyon bayan Malam MaiMita kan fis ɗin nan, kuma ina da ƙari tunda kin ce fulogin Ingila ne. A watan Nuwamba 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar cewa miliyoyin injinan Hotpoint, Indesit da Creda da aka ƙera tsakanin Afrilu 2004 da Satumba 2015 suna da hatsarin gobara, saboda burbushin kaya na iya taɓa hita. A Agustan 2016 ɗaya daga cikinsu ya tayar da gobara a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush a Landan, a 2019 kuma aka yi kiranyen waɗanda ba a gyara ba. Kayan hannu da ke shigo mana ba wanda ke tantance wannan. Duk mai ɗaya daga cikin sunayen nan ya duba ko akwai ɗan koren ɗigo manne a bakin ƙofa ko a baya, shi ne alamar an yi masa gyaran. Kuma ko wane iri ne, ban yarda a kunna shi a kwanta barci ba.

MamanTagwaye, Tumfure, Gombe

Allah ya saka muku da alheri. Ummu, nawa ba ya cikin sunayen da kika lissafa, na duba. Baffa, amin, na gode, kuma ranar taka ka aiko min da ita a leda in damina ta kankama.

Ga abin da aka samu. Akwatin ƙasa da na zaro, abin da ke jikinsa har ya daskare, sai da na jiƙa shi a baho kafin ya saki. Sitabilaiza tana nuna wajen 215 da hantsi, bayan isha'i kuwa tsakanin 168 da 175. Maigidana ya kawo wani yaro mai gyaran AC daga Bolari da mitarsa, na karanta masa bayanin Malam daga waya. Hitar kashi biyu ce kuwa. Ɗaya ya nuna om 38, ɗayan mitar ko motsi ba ta yi ba, da ya haska tocila muka ga inda wayar ta tsinke. Tamista yana sauka in an riƙe shi, fis yana nan da ransa. Yaron ya ce zai iya murɗe bakin wayar biyu su haɗu in ba a samu sabuwa ba. Na ce ya dakata in tambaya. Sannan ko in jona injin a sitabilaizar firij da daddare?

MaiMita, Jekadafari

Madalla, lissafi ya fito. Om 38 a bolt 230 kusan wat 1400 ne, shi kaɗai kike aiki da shi. A wutar hantsi yana ba ki wajen 1200, ya isa ya wuce jarrabawar bod da ƙyar. A 170 bai wuce 760 ba, shi ya sa yake tsayawa. Bod ɗinki lafiyarsa ƙalau.

Kada a murɗe wayar. Wurin haɗin yana yin zafi fiye da sauran, ba ya daɗewa yake sake cinyewa, kuma in ya saki zai iya faɗawa kan ƙarfen gidan. In hakan ta faru a gidan da wayar ƙasa, wato wadda ke kwashe wutar da ta zille ta kai ta ƙasa, ba ta da kyau, jikin injin ne zai ɗauki wuta. A cire hitar ɗungurungum a tafi da ita wajen masu kayan gyara, a dace da lambar da ke jikinta da yawan wat ɗin, a auna kashi biyun a gaban mai sayarwa kafin a biya, musamman in ta hannu ce. Tamostat da fis galibi a jikin gidan hitar suke zuwa, a tabbatar ba a taɓa haɗe su da waya ba.

Sitabilaizar firij ba za ta ɗauka ba, ƙonewa za ta yi. Injin wat 2500 a wutar 170 zai sa sitabilaiza ta ja wajen amfiya 15 daga bango, wato ya wuce amfiya 13 da soket na gida ke ɗauka. In dole sai an sa, sai mai 5000VA, a ja mata wayarta mai kauri, wadda masu wayarin ke kira 2.5mm, daga akwatin fis, ban da waya mai jona-jona. Ƙaramin janareta ma ki manta da shi. Mafi sauƙi, in an sa sabuwar hita ki riƙa busarwa da hantsi lokacin da wuta ke da ƙarfi, ki matse kayan sosai a injin wanki kafin ki zuba, rariya a share bayan kowane zubi, akwatin ƙasa kuma a wanke shi duk wata.