Ɗan shekara 36 a kujerar shugaban makaranta: daidai ne ko ganganci?

Mai Kula da Zaure: Jama'a, ga batun da Baba Sufeto ya jefo mana. An naɗa ɗan shekara 36 shugaban wata sakandare, alhali cikin malamanta akwai waɗanda suka koyar da shi. Baba ya ce kuskure ne, shugabanci a wurin aiki ya kamata ya bi shekaru. A yi magana da ladabi, banda saƙon murya.

Baba Sufeto: Haka na ce, kuma ban janye ba. Makaranta ba takardu ba ce, mutane ce. Ranar da uban yaro ya shigo yana huci don an kori ɗansa, ko ranar da za a je wurin mai unguwa kan filin makaranta da ake ci, wa za a saurara? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sannan ku faɗa mini, da wane ido zai miƙa wa malaminsa takardar tuhuma don ya makara?

Malamar Lissafi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku duba lissafin. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, maimakon 60 da 35. Inda ake aiki da ita, ɗakin malamai ɗaya zai haɗa wanda aka haifa kafin yaƙin basasa da wanda aka haifa bayan 1999. In muka ce sai mafi tsufa, to mai shekara 40 zai yi zaman jiran shekara ashirin ke nan. Wa zai jira? Masu ƙwazon ne ke fara tafiya, wasu banki, wasu ƙungiyoyin agaji, wasu kasuwa.

Baba Sufeto: 'Yata, mu ma mun jira.

Malamar Lissafi: Kun jira a zamanin da albashin malami ke ciyar da gida, Baba.

Ɗan Bautar Ƙasa: Ni abin da na gani a inda aka tura ni shi ne, duk aikin kwamfuta mu ake bari da shi. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma akwai manyan da ko sakamakon ɗalibai ba sa iya shigarwa. Mu yi aikin, su sa hannu.

Hajiya Darakta: Ɗana, a hankali. Iya danna kwamfuta ba shi ne iya riƙe mutane ba, kuma abin da kake taƙama da shi ana koyonsa cikin wata uku. Amma Baba, ni ma ban goyi bayanku ba. Na yi aiki ƙarƙashin wanda na girma, na kuma shugabanci waɗanda suka girme ni. Abin da ke kawo rigima ba shekarun shugaba ba ne, rashin fayyace abu biyu ne: wane ne ke yanke hukunci, kuma yaya ake isar da shi. Na farko na kujera ne, ba a raba shi. Na biyu kuwa nan ne shekaru ke shigowa. Dattijo ya makara, ba a faɗa masa a gaban taro, ba a kuma rubuta masa a zauren WhatsApp na ma'aikata. Kai za ka taka zuwa wurinsa, ka gaishe shi, ka ce masa aji kaza ya zauna ba malami. In ya maimaita, takardar ta fita kamar yadda za ta fita ga kowa. Shugaban da ya kasa wannan na ƙarshen saboda kunya ya cuci matasan da yake tsare wa ido kan minti goma. Su kuma suna gani, ba sa mantawa.

Malam na Islamiyya: Tarihinmu ma ya yi magana. Manzon Allah (SAW) ya naɗa Usama bin Zaid jagoran runduna yana matashi ƙwarai, cikinta akwai manyan sahabbai, wasu suka yi ƙorafi, bai sauya ba. A nan gida, bayan rasuwar Shehu a 1817, Muhammadu Bello ne ya zama Sarkin Musulmi, ga kuma baffansa Abdullahi na Gwandu da ya girme shi. An samu ɗan sanyin dangantaka. Amma da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, an ruwaito cewa ya yi haramar sauka daga doki don gaida baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin shugaba. Kowa ya ba ɗan'uwansa haƙƙinsa.

Baba Sufeto: Malam, ka kawo mini Bello. Bellon da ya yi jihadi, ya gina Sakkwato, ya rubuta littattafai kafin ya hau. Nuna mini irin wannan a naɗe-naɗen yau. Da yawa takardar ɗan siyasa ce ta kai su, ba aiki ba.

Mai Shago a Kwari: To Baba ashe ba shekaru ne damuwarku ba, hanyar naɗin ce. A kasuwa za ku ga mai furfura yana yi wa ɗan shekara 30 ciniki, babu gardama, domin kowa ya san mai jari. A gwamnati ne ba a san dalilin da ya sa wane ya tsallake wane ba, shi ya sa zuciya ke tafasa.

Hajiya Darakta: Ya faɗi gaskiya. Ita ma gwamnatin tarayya ta daɗe tana kai-komo a kan cunkoson sama. A 2009, zamanin 'Yar'aduwa, aka ƙayyade wa daraktoci wa'adin shekara takwas don na ƙasa su samu hawa. A 2016 aka dakatar, a 2023 aka dawo da shi. Farfesoshi kuwa 70 suke ritaya, haka alƙalan manyan kotuna. Wato da hannu ɗaya ana tsawaita zaman manya, da ɗayan ana neman wa matasa gurbi. Mai riƙe da ma'aikata shi aka bari da haɗa su.

Malamar Lissafi: Kuma kada matasa mu ɗauka sharewa gaba ɗaya ita ce magani. A Kaduna an sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji ta 2017, aka ɗebi sababbi. A 2022 aka sake sallamar sama da 2,000 bayan wata jarrabawar. Ƙuruciya kaɗai ba ta sa mutum ya iya koyarwa.

Ɗan Bautar Ƙasa: Anti, na ji. Amma a daina ce mana "yaran yanzu ba sa son aiki" don mun tambayi dalilin wani umarni. Tambaya ba raini ba ce.

Baba Sufeto: Ya danganta da yadda aka yi ta, da kuma gaban wa.

Hajiya Darakta: Baba, bari in tambaye ku kai tsaye. A ce wannan yaron ya shekara goma a aji, ya riƙe mataimakin shugaba, an yi tantancewa a fili ya fi kowa. Ya zo ya ce ku riƙe masa kwamitin ladabtarwa da hulɗa da iyaye, ku kuma riƙa shiga ajin sababbin malamai kuna gyara musu. Za ku yi aiki da shi?

Baba Sufeto: In da gaske zai ba ni aikin, ba don ya rufe mini baki ba, zan yi. Amma jadawalin darasi da rabon azuzuwa kada ya fitar sai ya zauna da mu.

Malamar Lissafi: Ya zauna da ku ya ji shawara, ko sai kun amince?

Baba Sufeto: Ya ji shawara. Amma ya ji ta da gaske.

Malamar Lissafi: To mu ma a saka mu a zaman, Baba. A makarantarmu duk darussan bayan ƙarfe 12 da manyan azuzuwa masu ɗalibi sama da 80 kanmu suke faɗowa, kuma ba a taɓa tambayarmu ba.

Mai Shago a Kwari: Yauwa. Wa ke raba azuzuwan a wurinku, Malama?

Malamar Lissafi: Mataimakin shugaba. Shekararsa 61.