Kansil na tafe, ga kuma tayin dutin dare a asibitin kuɗi: ya zan yi?

'Yar Rigasa ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu a wannan aiki. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Na kammala shekara uku na karatun jinya a nan Kaduna. Mun yi jarrabawar ƙarshe ta makaranta, Alhamdulillahi sunana ya fito cikin waɗanda za su zauna jarrabawar kansil, wato ta hukumar jinya ta ƙasa wadda sai an ci ta ake samun lasin aiki, a watan Nuwamba. Yanzu bita kawai muke yi da safe, bayan azahar kowa ya kama gabansa. To sai ga wani abokin kawuna mai ƙaramin asibitin kuɗi, gadajensa ba su kai goma ba, ya ce in zo in riƙe masa dutin dare. Takwas na dare zuwa takwas na safe, naira 40,000 a wata. Ya ce shi ba ruwansa da lasin, hannu yake nema, in sakamako ya fito zai ƙara min. Da na tambaye shi wa zan tarar a wurin da daddare, sai ya ce akwai yarinya mai taimakawa da maigadi, shi kuma wayarsa a kunne take kwana.

Kuɗin sun ja hankalina, ba zan ɓoye ba. Babanmu tun da masaƙun Kakuri suka rufe bai sake ganin albashi ba, sai buga-buga. Kuɗin rajistar jarrabawar nan ma sai da Ummanmu ta sayar da keken ɗinkinta aka cika su. A layinmu kuwa tuni an fara kirana Sista, ana kawo min yara in taɓa goshinsu, kowa gani yake na fara ɗauka.

In karɓi aikin ne in riƙa karatu tsakanin mara lafiya da mara lafiya, ko in haƙura? Sannan waɗanda suka zauna kansil kwanan nan, ina ya kamata in fi ba ƙarfi? Kuma bayan lasin ya fito, ta ina ake shiga asibitin gwamnati a garin nan in mutum ba shi da kowa a sama?

Anti Matiron ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki karɓa. Zan faɗa miki dalili don kada ki ce tsohuwa ta faɗa ne kawai don ita cikinta a ƙoshe yake.

Yau ɗin nan a idon Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ke ɗaliba ce. Duk allurar da kika yi a wod cikin shekara ukun nan, a ƙarƙashin lasin wata kika yi ta, shi ya sa ake sa miki hannu a littafin aiki. A wancan asibitin lasin wa zai rufe ki? Ki ɗauka ƙarfe biyun dare aka shigo da mace ta haihu a gida jini ya ɓalle mata, ko mai ciki tana jijjiga. Kin karanta cewa magnesium sulphate ake ba mai jijjiga, kin kuma san ana duba numfashinta da fitsarinta da motsin gwiwa kafin a ƙara, kuma calcium gluconate, mai karya ƙarfinsa in ya yi yawa, ya kamata ya kasance a kusa. Sani daban, tsayawa ke kaɗai a kanta dangi na ihu a bakin ƙofa daban. Kika kira mai asibiti waya ba ta shiga ba, shi ke nan. In abu ya lalace, mutumin da ya ce ba ruwansa da lasin shi ne zai fara cewa bai san ba ki da shi ba. Na ga irin wannan da idona, yarinyar sai da mahaifinta ya yi ta zarya ofishin 'yan sanda, kuma ba ta zauna jarrabawar wannan zangon ba.

Ban da haka, ba a tauna taura biyu. Wadda ta kwana a tsaye ba za ta fahimci komai a ajin bita ba. Kansil na janar, wato na jinya zalla irin naku, sau biyu ake yi a shekara, Mayu da Nuwamba. In kika zame, wata shida ne a zaune da sabon kuɗin rajista, kuma Ummanku ba ta da keke na biyu.

Batun inda za ki ba ƙarfi, ni ɓangaren aikin hannu zan yi magana a kai, OSCE, domin na sha tsayawa ina duba ɗalibai a gwajin makaranta. Mai dubawa takarda ce a hannunsa, kowane mataki da makinsa, abin da bai gani ba ko bai ji ba ba zai ba ki ba. Yara masu ƙoƙari suna zubar da maki a abubuwan da suka raina: gaishe da mara lafiya, faɗar sunanki, tabbatar da sunansa, bayyana masa abin da za ki yi da neman izininsa, jan labule, wanke hannu kafin da bayan aiki, jefa allura a akwatinta ba tare da mayar da murfi ba, sai rubuta abin da aka yi. Ko 'yar tsana ce a kan gadon, ki yi mata magana kamar mutum, kuma ki riƙa faɗin abin da hannunki yake yi da murya. Lokacin kowace tasha ɗan kaɗan ne, ana kaɗa ƙararrawa ki saki ki wuce, kada ki ɗauki ɓacin ran tashar baya ki kai ta gaba.

Wani abin takaici, halayen da kuka kwasa a wod lokacin fostin, wato da aka tura ku koyon aiki a asibiti, su ne abokan gabanku. Kun ga manya suna gajarta hanya saboda cunkoso, nas ɗaya gado talatin, kuka ɗauka haka aikin yake. A jarrabawa yadda littafi ya ce ake so. Ki samu ƙawaye biyu, ɗaya ta kwanta, ɗaya ta riƙe takarda da agogo, ku yi ta maimaita wankin ciwo, awon zafin jiki da bugun jini, saka robar fitsari, ciyarwa ta hanci, gyaran gado, har hannu ya haddace. Ki yanke farce, ki bar lalle sai bayan jarrabawa.

Nas Ɗan Kawo ya amsa:

Anti, a gafarce ni, na yarda da ke a kan dutin dare ita kaɗai, wannan kam ganganci ne. Amma kada mu yi kamar ba mu san halin da gidaje suke ciki ba. Ƙanwata, ki koma wurin mutumin tare da kawunki, ku ce a ajiye miki gurbin sai bayan jarrabawa, kuma da rana lokacin da likita yake nan. In da gaske hannu yake nema zai jira. In ya ƙi, kin gane araha yake nema. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, da wannan ƙananan asibitoci suke fakewa.

Ni bara na zauna. Ɓangaren kwamfuta duk zaɓi ne, A zuwa D, kuma ba haddar ma'ana ake tambaya ba sosai. Za a kawo miki mara lafiya da alamominsa a ce mene ne abu na farko da nas za ta yi, amsoshi biyu ko uku duk daidai ne, amma ɗaya ce ta farko. Ki riƙe hanyar iska, numfashi, zagayawar jini, a jere. Ki riƙe matakan aikin jinya biyar, kuma ki sani dubawa tana gaba da aiwatarwa. Lissafin ƙarin ruwa maki ne na kyauta da mutane suke gudu: yawan ruwa sau ɗigon robar, a raba da mintuna. Mil 500 cikin awa 6 da roba mai ɗigo 20, wato 10,000 a raba da 360, ɗigo 28 ke nan a minti. Jadawalin rigakafi ma ki sa shi a ka: BCG na tarin fuka da ɗigon shan inna da na ciwon hanta ranar haihuwa, Penta mai kare cututtuka biyar a mako 6, 10 da 14, ƙyanda da shawara a wata 9. Mu da yawa mun nutse a cututtukan manya da tiyata muka yi watsi da lafiyar ƙwaƙwalwa da lafiyar al'umma da ɗa'ar aiki, sai ga su sun fito da yawa. Tsofaffin tambayoyin da ake turawa a WhatsApp suna da amfani, amma amsoshin da ke jikinsu wasu kuskure ne, ɗalibi ne irinki ya zaɓa. Duk wadda kika yi shakka ki buɗe littafi. In ba ki saba da kwamfuta ba ki je shagon da ake koya wa 'yan JAMB ki ɗan motsa hannu.

Aikin gwamnati kuwa gida biyu ne. Na jiha su ne irin Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, babban asibitin Kawo, Gambo Sawaba a Zariya. Na tarayya akwai asibitin koyarwa na ABU a Shika, asibitin ido na ƙasa, asibitin kunne, da na ƙwaƙwalwa a Barnawa, ga kuma 44 na soja. Dukkansu ba kullum ƙofa take buɗe ba, sai an ba da izinin ɗauka, kuma in an buɗe ba ta daɗewa. Don haka tun yanzu ki haɗa takardar ƙaramar hukuma, ta haihuwa, NIN, sakamakon sakandare da na firamare, ki ɗauki hotonsu ki ajiye a waya. Ki duba sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a ko'ina. Wani abokina harafi ɗaya ne ya bambanta a sunan mahaifinsa, sai da ya yi rantsuwar kotu kafin a karɓi fayil ɗinsa.

Kuma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi yana da gurbi a hannu, ki riƙe kuɗinki. 'Yan ajinmu biyu sun biya wani, ya ba su takardar kama aiki har da hatimi, suka je aka ce ba a san da ita ba.

Ungozomar Ƙauye ta amsa:

Kowa Barau Dikko, kowa Shika. Jihar nan mazaɓu 255 gare ta, kuma tsarin shi ne kowace mazaɓa da cibiyar lafiya a matakin farko. A can ake neman mu ido rufe, musamman mace mai jin Hausa, don akwai matan da in namiji ne a ɗakin awo gara su koma gida. Ni a irin wannan na fara, wajen gari, kuma abin da na koya a shekarar farko ya fi na makaranta. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai wahalar ruwa da wuta, wasu wuraren kuma akwai matsalar tsaro, sai kin bincika kafin ki amsa.

Shawarata, da lasin ya fito ki sa ido a kan karatun ungozoma, wata 18 ne ga mai RN, wato nas mai rajista. Mai takarda biyu ba ta zama a gida. In ba haihuwa ce ta dame ki ba, Kaduna ta yi mana gata: ana karatun jinyar ido a asibitin ido, na kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin kunne, na ƙwaƙwalwa a Barnawa. Daga wasu jihohi ake zuwa neman su, mu kuwa kuɗin Keke ne.

Mai Jiran Biza ya amsa:

Ki riƙa lissafi da waje tun yanzu. Ingila sai kin ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, sannan ta kwamfuta (CBT) da OSCE nasu. Amurka jarrabawar lasinsu NCLEX. Saudiyya Prometric. Amma ko wanne sai hukumarmu ta tantance lasinki, kuma kin ga rigimar da aka yi a Fabrairun 2024 da ta ce sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Abin da nake so ki ɗauka: duk inda za ki yi aiki ki karɓi takardar ɗauka a rubuce. Watannin da kika yi kafin ranar da ke jikin lasinki ba mai ƙirga miki su.

Anti Matiron ta sake amsawa:

Malam Mai Jiran Biza, yarinya ba ta ko zauna kansil ba ka fara haɗa mata akwati. Ku bar mana wasu mana, wa zai yi mana allura in mun kwanta? Amma maganarka ta ƙarshe gaskiya ce. Ɗan Kawo, na karɓi gyaranka, da rana kuma bayan jarrabawa, da sharaɗin akwai mai lasin a wurin har nata ya fito.

'Yar Rigasa ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, na karanta wa Ummanmu amsarki daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin mai jijjiga sai ta ce in tsaya, ita dama hankalinta bai kwanta da kwanan waje ba, kunyar kawu ce ta hana ta magana. Ita da kanta ta kira shi. Ya ɗan yi faɗa, ya ce 'ya'yan yanzu ba a iya musu, amma ya yarda zai gaya wa abokin nasa sai Disamba, kuma da rana. Mutumin bai ba da amsa ba tukuna.

Yaya Ɗan Kawo, na duba takarduna, a sakamakon sakandare an rubuta sunan Babanmu da "u" a ƙarshe, a NIN babu. Rantsuwar kotu ta wadatar ko sai na je an gyara a ofishin NIN? Sannan in akwai 'yan Nuwamba a Rigasa, Tudun Nupawa ko Kabala West da suke son mu haɗu muna gwajin OSCE bayan la'asar, mu biyu ne yanzu, muna neman ta uku mai riƙe agogo. Muna da abin awon jini da tire, safar hannu ce kowa zai zo da tasa.