Tsakanin allo da gida: yaya kuke raba kanku?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum malamai. A nan Kamaru, Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, Marwa ta biyo baya a 2008, sai Garwa a 2022, 'yan uwanmu masu koyarwa kuma sun yawaita. Amma duk inda aka haɗu, wajen suna ne ko ta'aziyya, zancen gajiya ake yi. Kowa ya faɗi yadda yake fama.

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Ni shiga aji ba ya gajiyar da ni. Takardu ne. A tsarin LMD, wato digiri na farko, masta da dakta, kowane zango da gwajinsa, da jarrabawa, da ta waɗanda suka faɗi. Kafin ka gama duba wannan tulin, wani ya iso, ga ɗaliban masta na jiran ka karanta kundinsu. Ƙarin girma kuwa, daga asistan, wato mataimakin malami, har farfesa, sai da rubutun bincike da aka buga. Yaushe za ka rubuta? Bayan isha'i, in akwai wuta. A zafin Afrilu kuwa ko tunani ba ya zama.

Wata malama: Malam, kai ai da sauƙi, ka dawo ka tarar da tuwo. Ni ce mai tuƙa shi. Na taɓa duba takardun jarrabawa a kan bencin asibiti, ɗana na kwance da zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar dangin miji. In ban je biki ba, boko ya sa ni girman kai. In na je, da dare zan biya bashin aikin. Kuma ba wanda ya taɓa tambayar maigidana wa ke riƙe masa yara in ya tafi taro Yawunde.

Sabon ɗauka: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ni tawa matsalar sunan ne. Tun da aka fara kirana Dakta, a garinmu an ɗauka rijiyar kuɗi na haƙa. Kuɗin makarantar ƙanne, maganin Inna, gudummawar auren ɗan kawu. Ba na ƙi ba, su suka yi mini wahala. Sai dai na yi watanni ina koyarwa kafin albashin farko ya fito, kuma kunya ta hana ni faɗa.

Malami daga Cadi: Haka take a nan. Mu takardunmu na ƙarin girma CAMES ake kai wa, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka mai hedkwata a Wagadugu, ba ruwansu da yawan bakunan da kake ciyarwa. Na ƙara da koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta don cike giɓi, sai likita ya ce jinina ya hau. Na ajiye ta. Kuɗi sun ragu, barci ya dawo.

Wata malama: To Malam, da ka ajiye, dangi fa?

Malami daga Cadi: Na tara ƙannena na nuna musu takardar albashi. Biyu sun fahimta. Ɗaya har yau gaisuwa kawai muke yi.

Sabon ɗauka: Kafin ka nuna musu, ka shawarci Baba ko kuwa kai tsaye ka yi? Don ni can ne nake jin nauyi.