Sabon titi zai ratsa Kebbi: ina baƙo zai ya da zango?

Bakabe: Assalamu alaikum. Titin Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinsa a Oktoban 2024 kilomita 1,068 ne, 258 daga ciki a Kebbi. Ana ta cewa zai kawo 'yan yawon buɗe ido. Ku da kuka san hanya, me ke sa matafiyi ya taka birki ya sauka?

Direban Jega: Wa alaikumus salam. Ruwa da ban-ɗaki, Malam. Fasinja ba ya cewa a tsaya ya ga tarihi, "direba salla" yake cewa. Bas mai mutum 18 minti ashirin gare ta: kama ruwa, alwala, salla, ɗan abinci. Ban-ɗakin mata ya zama daban, kada ƙofarsa ta kalli titi. In mata suka ƙi wuri, direba ya daina tsayawa ke nan. A kuma raba wurin tirela da na ƙananan motoci, don tanka ɗaya in ta gitta a bakin shiga, kasuwar ranar ta tashi.

Injiniya: Gaskiyar Alhaji. Mu fara da fili. Titin tarayya yana da haƙƙin mita 45.72 kowane gefe daga tsakiyarsa, duk rumfar da ta shiga ciki ranar rusau na jiran ta. Bayan wannan iyaka fili na hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978. To ka ga titi na tarayya, fili na jiha, shara ta ƙaramar hukuma. In ba a rubuta wanda zai gyara famfo ba tun kafin yanka kyalle, kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Ruwa kuwa, rijiyar burtsatse mai sola da tankin lita 10,000 a sama sun ishi matsakaicin zango. Abu biyu ke kashe ta. Ba a sa na'urar da ke kashe injin in ruwan rijiya ya ja baya, sai ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Sannan ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan sola, ba mai gogewa, a ce injin ya mutu alhali tsumma da bokiti kawai yake nema. Masai a ƙasar fadama ma sai an ɗaga shi, in ba haka ba damina na sauka ramin ya tumbatsa. Titi mai hannu biyu kuma, in babu mahaɗar juyawa kusa, rabin masu wucewa sai dai su hango.

Malamin tarihi: Injiniya, a ƙara da allo. Baƙo zai bi ta Argungu bai san Gidan Tarihin Kanta na nan ba, fadar da aka gina a 1831. Allo biyu ake so, ɗaya kamar kilomita biyu kafin kwana, ɗaya a bakinta, da suna da nisa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gargajiya na duniya a 2016, 'yan kwanaki ne a shekara, ya ma taɓa shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin 2020. Masaukin da ya dogara da bikin kogin Matan Fada kaɗai jemagu za su gaje shi. Masu ziyarar hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu kuwa ba su da ƙayyadadden lokaci, ga bikin Rigata a Yawuri, ga bikin Uhola a Zuru.

Hajiya mai abinci: Malam, ku tuna da mu. A ba 'yan garin rumfuna, haya wata-wata, ba shekara a dunƙule ba. Shinkafar gida da kifi banda baƙo ke tambaya. Kuɗin ban-ɗaki kuma a bar shi a hannun mai wankewa, ya sayi omo da tsintsiya, ya ɗauki ladansa a ciki. In kuɗin ya tafi ofis, kafin ya dawo wurin ya gagari shiga.