"Girman kai rawanin tsiya": har da mai carbi?

Ɗan Tsangaya: Salamu alaikum. Azumin da ya wuce na shiga i'itikafi karon farko, goman ƙarshe. Ba waya, ba kasuwa, daga karatu sai carbi. Wajen dare na shida na ji wani sanyi a ƙirjina, kamar an sauke mini kayan da na daɗe da su a ka. Amma ranar salla, da na ga abokaina da suka yi goman nan a majalisa, sai na ji raina yana cewa, "Kai dai ka fi su." Na faɗa wa kakata, ta ce, "Girman kai rawanin tsiya," ba ta ƙara komai ba. Me ya sa rawani? Kuma tsiyar nan talauci ce ko me?

Inna Ta Damagaram: Wa alaikumus salam, ɗana. Mu yadda muka taso muka ji ta, matalauci mai ɗaga hanci ake yi wa. Ba shi da na cefane, amma ya fi ƙarfin dako, ya fi ƙarfin sana'ar hannu. Rawani na sarakai ne da malamai. Shi ba sarauta, ba karatu, sai ya naɗa girman kai a madadinsu. Ban ga inda ta shafi yaron da ya fito daga ibada ba. Kakarka ta tsananta.

Malamin Islamiyya: Inna, a gafarce ni, ina ganin tsohuwa ta yi daidai. Tsiya ba aljihu kaɗai take nufi ba, mai kuɗi ma ana ce masa matsiyaci idan halinsa ya ɓaci. Kuma wanda ya fara naɗa wannan rawani ba yunwa ce ta dame shi ba. Iblis ne, da aka ce ya yi sujada ga Annabi Adamu ya ce shi ya fi shi, domin daga wuta aka halicce shi, Adamu kuwa daga yumɓu. Yana nan a Suratul A'araf, aya ta 12. Kalmar da ta zo wa ɗan'uwanmu ranar salla ita ce dai wannan.

Ga Imam Gazali. A makarantar Nizamiyya ta Bagadaza yake koyarwa, ɗalibai wajen 300 a gabansa, fada tana ji da shi. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi. Da kansa ya ce ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna da matsayi ne ke tura shi. Ya bar kujerar ya tafi Dimashƙa, yana hawa hasumiyar masallaci ya rufe ƙofa ya wuni shi kaɗai. Sai a 1106 ya koma koyarwa, a Naishabur. Mai ilimi irin wannan ya kwashe shekara goma sha ɗaya yana warware nasa rawanin.

Ƙanwar Maza: Malam, ni akwai abin da ke damuna da wannan magana. Sau nawa aka jefe ni da ita don kawai na ƙi yarda a wulaƙanta ni? Mace ta ce a'a, girman kai. Yaron shago ya nemi haƙƙinsa, girman kai. Ai Bahaushen nan ne ya ce so duk so ne amma son kai ya fi. In an ce mutum ya danne kansa gaba ɗaya, masu taka mutane ne za su ci riba.

Malamin Islamiyya: Gaskiyarki, ana cin zalin maganar. Amma an riga an raba mana gardama. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da Annabi (SAW) ya ce mai ƙwayar zarra ta girman kai a zuciya ba zai shiga aljanna ba, wani ya ce ai mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Wadda ta ƙi wulaƙanci mutuncinta ta kare, ba ta raina kowa ba.

Mai Shagon Hatsi: Ni ba ɗan ɗariƙa ba ne, kuma shi ya sa nake shakkar halwa. A ɗaki kai kaɗai wa zai taka ka? Zo kasuwa wani ya ce mudunka bai cika ba a gaban jama'a, a nan za a san ko an sauke rawanin.

Baba Mai Carbi: Mai shago, ba mu saɓa ba kamar yadda kake zato. Shekarata arba'in da wani abu ina lazimin Tijjaniyya safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Tarbiyar da Shehu Ibrahim Inyass ya yaɗa daga Kaulaha tun 1929, abin da ake nema a cikinta shi ne "ni" ɗin nan ta narke, mu kan ce fana'i. Da na ɗanɗana wani abu a zikiri ina saurayi, da gudu na je na faɗa wa muƙaddamina, ina jiran ya yaba. Sai ya ce daga yau ni zan riƙa jera takalman mutane a ƙofar zawiya lokacin wazifa. Na yi wata uku ina yi, raina yana tafasa. Ranar da na ɗauki silifas ɗin wani almajiri na ajiye ban ji komai ba, ranar na gane abin da ya aike ni nema.

Ɗana Ɗan Tsangaya, ka taɓa ganin ana naɗa rawani? Zagaye-zagaye ake yi a kan hula, kuma mai shi ba ya ganinsa sai da madubi. Kowa na gani ban da shi. Ni abin da na ji a maganar kakarka ke nan. Sanyin da ka ji gaskiya ne, kada ka yi shakkarsa. Muryar da ta kama ka kana ganin ka fi abokanka, tana zarginka, ita ce nafsul lawwama, wadda Allah ya rantse da ita a Suratul Ƙiyama. Da ba ka zauna shiru kwana goma ba, da ba ka ji ta ba.

Inna Ta Damagaram: To, na karɓi rabi. Amma har yanzu a bakinmu ta matalauci ce.

Ɗan Tsangaya: Baba, na gode. Bana in koma i'itikafin, ko in haƙura tukuna?

Baba Mai Carbi: Ka koma. Ka nemi ladan ya ba ka tsintsiya da cika butoci. Ranar salla kuma, bayan ka gai da kakarka, majalisar abokan nan naka za ka fara zuwa.