Kunio da Riki: ga masu son komawa River City

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem ɗin Famili mai kaset rawaya ya san yaran nan masu ƙaton kai da gajerun ƙafafu, ko da bai san sunansu ba. Su ne a gem ɗin ƙwallon da ake ɗirka shot gola ya yi sama, su ne kuma a na faɗan titi. Duk 'yan gida ɗaya ne, Kunio-kun, na kamfanin Technos Japan. Tambayata a kan na faɗan ne, wanda ake dukan 'yan daba su zubar da kuɗi, a kwasa a shiga kasuwa a ci abinci a ƙara ƙarfi. Masu komawa gare shi yanzu suna ta ƙorafi cewa ba haka suka san shi ba: wai ya yi sauri, ya yi wuya, ko injin ya ƙi kawo hoto ma sam. Wanda ya san kan abin ya zubo mana dalla-dalla.

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam. A fara raba sunayen, don nan ake rikicewa. Na farko a jerin ya fito a 1986, Yoshihisa Kishimoto ya tsara shi, a Amurka aka sa masa Renegade. Shi ne kuma ya yi Double Dragon a 1987. Wanda kake nufi ya fito a Japan a 1989 da sunan Downtown Nekketsu Monogatari. A Amurka River City Ransom ne, a Turai Street Gangs. Gem ɗaya ne, sai dai a na Japan yaran suna sanye da yunifom ɗin makaranta, kuɗin yen ne, sunansu Kunio da Riki. A na Turanci riga da wandon jins ne, kuɗin dala, sunansu Alex da Ryan.

Akwai wasu biyu da ake ɗauka shi ne. In ka tuna 'yan sanda masu takubba, gidajen katako da taswirar da ake yawo a kanta, wannan Jidaigeki ne na 1991. In kuwa bibbiyu ake karawa a fili ɗaya, kuma sai ka shigar da suna da ranar haihuwa da rukunin jini kafin a ba ka ɗan wasa, Kakutou Densetsu ne na 1992. Su biyun da Jafananci suka zo mana, shi ya sa aka riƙa buga su da ka.

Mai Gyara, Sabon Gari:
Maganar sauri gaskiya ce, ba tsufa ba ne ya kama hannunku. Yawancin injinan Famili da suka shigo ƙasar nan kwaikwayon Famicom ne, injin Nintendo na Japan, da aka gyara don talabijin ɗinmu, suna sauya hoto sau 50 a daƙiƙa. Gem ɗin kuwa don 60 aka yi shi. Ke nan abin da aka saba da shi ya fi na asali sanyi da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan. Yau ka buɗe a waya ko kwamfuta, ta ba ka 60 cif, sai ka ga yaran suna rufe ka kafin ka juya.

In a RetroArch kake bugawa, wato emuleto, manhajar buga tsofaffin gem a waya ko kwamfuta, ɗauki FCEUmm, ɓangarensa mai buga gem ɗin Famili, ka shiga zaɓuɓɓukansa ka mai da Region zuwa Dendy, saitin jabun injinan nan mai 50. Akwai kuma inda aka rubuta Swap Audio Duty Cycles, kunna shi. Da yawa daga cikin jabun injinan nan sun juya saitin muryoyi biyu, shi ya sa kiɗan asali yake yi wa wasu baƙo a kunne. Na jabun ne ya zauna musu.

Hajiyar Kongo:
Wuyar da ake faɗa ba ta sauri ba ce kaɗai, rashin iya kashe kuɗi ce. Wannan gem rabinsa kasuwa ne. Kana farawa da dala 20. Kada ka taɓa ta a gidan abinci. Tsaya a filayen farko ka tara har ta kai 26.95, ka shiga shagon littattafai na Grotto Mall, kasuwar farko, ka sayi Dragon Feet. Shuri ɗaya ya zama uku a jere. Stone Hands farashinsu ɗaya, shi naushi yake ninkawa, amma ƙafa ta fi hannu tsawo, don haka Dragon Feet ya fi amfani da wuri. Abin da ke kayar da mutane: saye kaɗai ba ya koya maka komai. Sai ka buɗe jerin kayanka ka zaɓi littafin, alama ta fito a gefensa, sannan ya fara aiki. Mutum sai ya biya ya fita yana cewa an cuce shi.

Na biyu, in aka kashe ka rabin kuɗinka ya tafi, a mai da kai kasuwar da ka shiga ta ƙarshe. To kada ka yi yawo da dala 60 a aljihu da jini ɗan kaɗan. Abin da ka ci ko ka karanta ba ya raguwa, tsabar da ke hannu ita ake rabawa.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya, to abincin fa? Akwai ma'auni har goma a shafin ƙarfi, mutum bai san wanne zai bi ba.

Hajiyar Kongo:
Ƙanena, ba duka za ka bi ba. In ƙafa ka zaɓa, Kick kake ginawa, ka bar Punch da Weapon. Bayan shi Defense da Max Power, wato iyakar jinin da jikinka zai ɗauka. Will Power kada a raina shi, shi ke tashe ka in jini ya ƙare ka faɗi. Kowane abinci in ka ci, rubutu zai nuna abin da ya ƙaru. Ka ɗanɗana sau ɗaya, ka rubuta a takarda: suna, farashi, abin da ya ba ka. Sai ka ga wani mai arha ya fi mai tsada. Ma'aunan nan a 63 suke tsayawa, ban da Stamina da Max Power da ke kai 127, in ɗaya ya cika ka daina zuba masa kuɗi. Ka kuma bambance abin da ake ci a zaune da wanda ake ƙunshe maka. Na ƙunshi yana shiga jaka, shi za ka buɗe a tsakiyar faɗa da bos. Jakar ba ta da faɗi, littattafai da takalmi ma suna cin wuri a ciki, don haka ba kowace dabara ake saye ba. Acro Circus na da kyan kallo, amma ni ban ga ya kai Grand Slam amfani ga mai son sanda ko sarƙa ba.

Yaya Na-Kwangila:
Hajiya ta gama da kasuwa, bari in taɓa hanya, don a nan aka fi maƙalewa. Mutum zai bi titi har ƙofar River City High ya tarar a rufe, ya zaci kaset ne ya lalace. Lafiyarsa lau. Bosawan nan bi da bi suke, kuma bos ba ya fitowa sai ka share duk yaran da ke filin. In ka ratsa da gudu ba za ka gan shi ba. Moose ne farko, sai Rocko a cikin sito. Daga Rocko baya za ka koma, zuwa Sherman Park da ka wuce tun farko, can Blade yake jira. Sai Turk, Mojo, Thor, sannan Ivan ya bayyana a bakin ƙofa. Sau da yawa bos in ya sha kashi yana ba da alamar inda na gaba yake a rubutun ƙasan allo. Da can ba a karantawa, ana ta danna maɓalli.

Wajen tara kuɗi, duba launin riga. Kowace daba da launinta, masu taurin kai sun fi biya. In ka shiga fili ka ga waɗanda suka fi ƙarfinka, fita ka dawo, sau da yawa wasu za ka tarar. Benny da Clyde kuwa su ne bankin gem ɗin: suna dawowa bayan an doke su, suna zubar da kuɗi mai kauri. Da su ake sayen Texas Boots.

Ƙananan abubuwa masu kisa: danna gaba sau biyu gudu ne, amma in ka yi karo da bango jininka zai ragu. Rami kuwa babu tashi, faɗawa ɗaya an raba kuɗinka. Tsalle A da B ne tare, in ɗaya ya riga ɗaya naushi ko shuri zai fita a bakin ramin.

Malamin Samaru:
Yaya, ka bar shagon ɓoye. A cikin ramin mota mai duhu na Armstrong Thru-Way, bi jikin bangon sama kana danna sama, ƙofa za ta buɗe, Merlin's Mystery Shop ke nan. Kayansa tsada gare su, sai an yi ƙarfi ake zuwa. Sannan ga masu bugawa da yara a falo: akwai gidan wankan tururi da ake shiga a ƙara ƙarfi, yana nuna ɗan wasan ta baya ba kaya. Zanen yara ne, amma gara a sani kafin a shiga. Ana iya gama gem ɗin ba tare da shi ba.

Mai Gyara, Sabon Gari:
Ga masu tono tsohon inji daga ƙarƙashin gado, adafta ce ke kashe su, ba tsufa ba. Tsofaffin Famili suna cin bolt 9 zuwa 10 na DC, kuma a yawancinsu tsakiyar filogin negatif ne, akasin adaftar dikoda da rauta. A gwada da mita kafin a soka. Adaftar NES, Famicom ɗin Amurka, AC take fitarwa, kada ta kusanci Famili. Sababbin ƙananan nan masu cin bolt 5 kuma, ka ba su 9, baƙin ɗigon da ke kan allon lantarkin cikin injin ya ƙone, shi kuwa ba a canja shi.

In ya kama amma baƙin layi na hawa allo ana jin gurnani, ko dai wuta ta yi ƙasa, ko babbar kafasitar ciki ta bushe. 7805 ɗin da ke ciki, mai daidaita wuta, yana son aƙalla bolt 7 kafin ya ba da 5 mai tsafta. Wutar yamma in ta ja baya, adafta mai taransifoma ba ta kai masa, sai gem ya riƙa komawa farko da kansa. A sa stabilaiza, a canja kafasita da mai ƙima ɗaya, a kula da ƙafar da ke da layi.

Kaset kuma a daina hura masa baki. Danshin numfashi da ƙurar hunturu su ke haɗuwa su yi tsatsa a haƙoran. Audugar goge kunne da sifirit, a goge gefe biyu har audugar ta daina baƙi, a bar shi ya bushe. Kaset ɗin Famili haƙori 60 ne, na NES 72, ba sa shiga juna sai da mahaɗi. Hannu in A da B sun ƙi haɗuwa, kwance shi a goge baƙin da ke ƙasan robar da inda yake taɓawa. In robar ta tsage sai dai a ciro daga wani mataccen hannu. A talabijin na bango a sa waya mai rawaya da fari, a mai da hoto 4:3, a kunna Game Mode in akwai. Hoto ba kala yawanci saitin kala ne, a mai da shi Auto.

Ɗan Gyallesu:
Ni ina da ja a kan waya. Maɓallan kan gilashi ba su dace da wannan gem ba, babban yatsa ɗaya ba ya danna A da B daidai lokaci guda. Ko dai a ware maɓalli na uku a ɗora masa su biyun, ko a sa hannu mai waya ta OTG. Na Bluetooth mai arha yana jinkiri, tare duka kuwa a nan sai ka kai naka naushin daidai lokacin da nasa ke zuwa.

Ajiya ma a yi hattara. Gem ɗin ba shi da batir, doguwar kalmar sirri yake bayarwa mai manya da ƙananan baƙaƙe, tana riƙe ƙarfinka da kuɗinka da kayanka. Harafi ɗaya ya kuskure ta ƙi. A ɗauke ta hoto, kada a kwafa da biro. A emuleto akwai ajiyar take, amma in ka ajiye kana cikin faɗawa rami, ka ɗaure kanka. A ajiye a cikin kasuwa kawai.

Yaya Na-Kwangila:
Mutum biyu fa? Nan daɗin yake, nan kuma faɗan gaske yake tashi. A na Turanci dukanka na kama abokinka, jifa ma haka. Ku raba allo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kada ku tsaya a layi ɗaya. Kuɗi na wanda ya taka ne, kuma tsabar tana ɓacewa in ta daɗe a ƙasa, don haka a yi yarjejeniya tun farko: a fara haɗa wa ɗaya littafinsa, ya riƙa share hanya, sannan ɗayan. Tagwayen da ke saman makaranta, Randy da Andy, masu shigowa da kiɗan Double Dragon, kowa ya ja ɗaya gefe. In suka sa mutum a tsakiya da shurin juyi ba ya tashi.

Malamin Samaru:
Wanda ba ya son wahalar tsohon inji, akwai hanyar halal. Technos ya rushe a 1996, haƙƙin jerin yana hannun Arc System Works tun 2015. River City Ransom na cikin gem ɗin NES na Nintendo Switch Online tun 2018. A 2020 an fitar da Double Dragon & Kunio-kun Retro Brawler Bundle mai gem 18, an fassara na Jafanancin zuwa Turanci, har da Jidaigeki da Kakutou Densetsu. River City Ransom EX na Game Boy Advance, 2004, ya ƙara dabaru da yawa, sai dai babu buga mutum biyu irin na da, kwamfuta ce ke riƙe abokin. River City Girls na 2019 ya yi kyau, amma wani abu ne daban, ya fi dogara da haɗa duka a jere.

Hajiyar Kongo:
Malam, a kan EX ban bi ka ba, dabarun sun yi yawa har kuɗi ya daina ciwo. Ɗan Tudun Wada, in za ku haɗu ku buga, ku fara da Novice, matakin mai sauƙi, ku ajiye Advanced mai wuya sai kowa ya kai Kick ɗinsa 30. Kuma a zo da biro da takarda don farashin abinci.